Mako Guda Babu Honarabul

Ƙofar jirgin ƙasa ta rufe, Alhaji Ashafa ya yi tangal-tangal, ya cafki ƙarfen da ke gabansa, sai ya fashe da dariya. Kujeru duk sun cika, kuma babu wanda ya tashi ya ba shi wuri. Wata tsohuwa ma ta ɗan ture shi da jakarta ta wuce.

"Bashira, kin gani? Ko kallona ba su yi ba!"

Bashira ta riƙe hannun mahaifinta, ita ma tana dariya. Ta manta rabon da ta ga haƙoransa a waje haka. Shekara ashirin da shida yana wakiltar mazaɓarsu a majalisar dokokin jiha, tun ba a haife ta ba. Ta tashi ta tarar da shi Honarabul, mai waya uku, wanda zaurensa ba ya rabo da masu jira, wanda hawan jini ya kwantar sau biyu a bara. Da ya iso Kuala Lumpur bikin kammala digirinta na biyu, sai ta karɓe wayoyin ta kulle a durowar ɗakinta a Bukit Jalil.

Cikin kwana biyar ya zama wani mutum. Yana barci bayan azahar, yana ɗaukar ledarsa da kansa. Ya koyi kalma ɗaya ta yaren ƙasar, "boleh", wato "zai yiwu", ya riƙa jefa ta ko'ina, har ga limami bayan sallama.

* * *

Ranar bikin, bayan la'asar, suka zauna cin abinci a wata rumfa a Kampung Baru. Hayaƙin gasasshen kifi ya cika layin, dogayen benaye na leƙo tsofaffin gidajen katako. Tare da su akwai Caroline, ƙawar Bashira kuma 'yar garinsu, wadda ke aikin jinya a Sentul. Alhaji ya sa hular digirin 'yarsa a kansa, ya ce lallai sai an ɗauke shi hoto.

"Caroline, ya mamanki?"

"Tana lafiya, Baba. Sai dai da damina har yanzu a kwalekwale take tsallaka kogi zuwa asibiti." Ta yi murmushi, amma ba ta sauke ido ba. "Ina aji uku a firamare kuka zo aza harsashin gadar nan. Ni ce na miƙa muku fure."

Bashira ta taka ƙafar ƙawarta a ƙarƙashin tebur, Caroline ta yi kamar ba ta ji ba.

"Baba, ku yi haƙuri. Gwamna shekara takwas ya tafi, shugaban ƙasa ma haka. Me ya sa 'yan majalisa ba su da wa'adi?"

Alhaji ya daɗe yana juya cokali a cikin shayi.

"Wa zai yi dokar, 'yata? Ai mu ne masu yin doka." Ya cire hular ya ajiye. "Ranar da aka fara rantsar da ni, na ce wa mahaifiyata zango biyu zan yi in koma gona. Ta rasu tana jira."

Ya dubi Bashira.

"Na gama. Ba zan sake tsayawa ba. Abin da ya rage mini, a kan gadar nan zan ƙarar da shi."

"Abba, da gaske?"

"Boleh," in ji shi.

Bashira ta yi guɗa a tsakiyar kasuwa har masu cin abinci suka waiwayo. Ta kira mahaifiyarta, Hajiya Azumi, suka yi ta kuka da dariya a waya. Caroline ta sa aka ƙaro kifi. Shi kuwa Alhaji ya shiga lissafa abin da zai yi: mangwaro a bayan gida, kiwon zabi, kai jikoki makaranta da kansa.

* * *

Ranar komawarsa, da hantsi a filin jirgi ta miƙa masa wayoyinsa. Yana kunna su suka ɗauki ruri gaba ɗaya. Ya amsa kiran Zahraddeen, shugaban magoya bayansa, mai muryar da ko na gefe yana ji.

"Ranka ya daɗe, albishir! Jama'a sun yanke shawara, kai ne babu hamayya!"

"Zahraddeen, ni fa na..."

"Haba, ranka ya daɗe! Gida nawa ne tukunyarsu ke kanka? In ka tafi, mu koma ina?"

Alhaji ya juya wa Bashira baya. Ta ga kafaɗunsa sun sauka a hankali.

"Bari in dawo, mu zauna."

Ya shafa kanta, ya sa mata albarka, ya shige layi da waya a kunne.

Tana cikin tasi a hanyar komawa saƙon Hajiya ya shigo, hoto ne kawai ba rubutu. An riga an cika katangar gidansu da fastoci, a ƙasa an rubuta "Ci Gaba, Karo na Takwas". Bashira ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu. Tsohon hotonsa aka sa, gemunsa baƙi wuluk, kumatunsa a cike, da kaɗan ya girme ta.