Igiyar Baya

…kuma ai ba bijimin ba ne. Bijimi dai bijimi ne. Nababa ya hau waɗanda suka fi wannan faɗin goshi da mugun ido. Tun gemu bai fito masa ba yake faɗawa tsakanin ƙahoni ranar jajiberin sallah, duk ƙauyukan da ke tsakanin Makoda da Ɗanbatta babu inda ba a san shi ba. To mene ne? Me ya dasa shi a gindin gawon nan, walki a ƙugu, kambuna a damtse, yana kallon filin bayan kasuwa kamar yau ya fara ganinsa?

Igiyar baya. Ita ce.

Wanda bai san hawan ƙaho ba ya ɗauka ƙarfin ƙirji ne kawai. Ina! Igiya biyu ake sa wa bijimi, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya. Ta wuya ta ganin ido ce, ƙarti su jeru a kanta suna ihu. Ta baya kuwa ran mutum ce. Idan sa ya sunkuyar da kai zai soke ka, mai riƙe da ita ne zai fizgi ƙafar, sa ya yi tangaɗi, kai kuma ka faɗa masa a goshi ka rungume wuya. Ya yi gaggawa ka sha ƙasa, ya makara ka sha ƙaho. Kuma tun da Nababa ya fara hawa hannu ɗaya ne a kan igiyar nan, hannun Ja'afaru, ɗan baffansa.

Yau Basiru ne.

Basiru ba laifi, wallahi ba laifi, ga ƙarfi ga ladabi. Amma dubi inda idonsa yake… a kan sa. Kowa sa yake kallo. Ja'afaru bai taɓa kallon sa ba. «Shi ai ina jin sa a tafin hannuna,» haka yake cewa, «kai ne ba ka da igiya, kai nake kallo.»

Zazzaɓi ne ya ɗauke Ja'afaru. Da damina, gero ya kai ƙugu. Mutumin da ƙaton bijimi bai taɓa jan sa a ƙasa ba… sauro, jama'a, sauro! Ranar kasuwa yana fiɗa yana tsokanar mutane, kasuwa ba ta zagayo ba an kai shi. Nababa ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Bai yi kuka ba, aka ce kai, namiji ke nan. Namiji…

Tun daga nan abinci ya zama ƙasa a bakinsa. Sai ya zauna a gaban nama da wuƙa a hannu, mai saye na magana, yana ganin baki na motsi, ba ya jin komai. Ba ciwon kai ba, ba ciwon ciki ba. A ina zai nuna? Ya gwada faɗa a mahauta, ya ce shi fa kwanan nan zuciyarsa ce ba daɗi. Kamaruddeen, sarkin shaƙiyanci, ya ɗago zuciyar saniya tana ɗigar jini, wai ga sabuwa fil, a sa masa? Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi. Me zai yi in bai yi ba? Cikinsu akwai mai karyayyen haƙarƙari, akwai wanda ƙaho ya farke wa cinya, kowa da tabonsa yana ɗaga riga yana nunawa da alfahari. Nasa ba ya ɗaguwa.

Sarkin Fawa ya ji labari ya kira shi, ya ƙara masa laya. Ga ta nan a damtsen hagu, fatar ma ba ta yi laushi ba. Ƙaho ba zai taɓa ka ba, in ji shi. Allah ya saka wa dattijo da alheri. Maganin ƙaho kam akwai shi buhu-buhu.

Maimunat, matarsa, ita ce kaɗai… Matar nan ba ta da yawan magana, amma ɗazu da yake ɗaura walki ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta duk garin tuwon sallah. «Baban Aina'u, kada ka hau bana. Ba bijimin nake tsoro ba.» Ta ce akwai likitan da ke duba irin wannan, na damuwa, a yi magana kawai, ba ɗaure mutum ake yi ba. Magana? Ɗan mahauta, jikan mahauta, ya je ya zauna a benci ya ce wa baƙo me? Likita, na yi kewar ɗan'uwana? Ya ratsa ta gefenta ya fito. Ba ta riƙe shi ba. Da ma ta riƙe.

Ba bijimin nake tsoro ba. To wa?

Rana ta karkata amma ƙasa na ƙuna. Azumi ya busar da maƙoshi. Can bayan taron gonaki ne fetal, tarin taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa… gonar Ja'afaru ce ta kusa da ɗorawar can, bana ba wanda ya kai mata taki. Ya kamata ya kai. Kullum sai ya ce gobe.

An fito da bijimin. Fari ne, mai baƙin tozo, yana tona ƙasa da kofato. Yara sun watse, mata a kan katanga sun ɗauki guɗa.

Kai, yana son abin nan. A bar ƙarya, yana son sa. Wurin nan, tsakanin ƙaho da ƙaho, inda ƙirjinka ke manne da goshin sa, hucinsa na dukan cikinka da zafi, warin gashi da gumi… nan ne kaɗai duniya take yin shiru. Ba jiya, ba gobe. Kai da numfashinka. Sa ya girgiza ka sama, ya girgiza ka ƙasa, kana ji kana raye har cikin farce. Sannan ka diro, sai ga Ja'afaru a guje ya yar da igiya, haƙora duk a waje: «Ɗan banza, saura ƙiris!» Ya shaƙe ka da runguma har ka fi jin zafinta a kan na sa.

Wa zai ce masa ɗan banza yau?

Ja'afaru, ka san ba a gaya mini yadda ake saukowa in ba ka nan ba? Hawa na iya. Saukowa… wajenka nake saukowa.

Kalangu ya juya. Shi ke nan, an taɓo shi. Taken gidansu ne, wanda aka yi wa kakansa, aka yi wa ubansa, makaɗin ya matse shi a hammata yana kiran Nababa da fata da igiya, ya fi baki iya kiran suna. Kuma a wajen mahauta ba a kaɗa wa mutum takensa ya tsaya. Ba a yi. Gara a ce ya mutu a fili da a ce an kira gidansu ba wanda ya amsa. Kawuna sun juyo. Kamaruddeen na daka tsalle yana nuno shi da hannu biyu. Sarkin Fawa ya gyara zaman hula.

Ƙafa ta ɗaga da kanta. Taku… wani takun. Mutane na darewa.

Dakata. Akwai abin da ba a yi ba.

A daidai nan, bakin fili, kafin ya kama igiyarsa, Ja'afaru kan tare shi ya ɗora masa tafin hannu a ƙirji. Ba addu'a ba, ba tofi ba. Saurare yake. In ya ji zuciya na dukan uku-uku sai ya yi murmushi: «Yauwa, matsoraci, kana son ranka. Je ka.» Wata shekara, bayan rasuwar innar Nababa, ya ɗora hannun ya daɗe, ya ce yau ba ka ciki, ya je ya raɗa wa makaɗi wata ƙarya, wai targaɗe. Suka yi sati ba sa magana.

Ba kowa. To shi zai ɗora.

Nababa ya kai hannunsa ƙirji, a gaban jama'a, su suna zaton kirari zai yi. Yana saurare. Ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa, yana ji. Iska na shiga, tana fita. Yatsu ba sa rawa. Gwiwa ba ta rawa. Ga ƙahoni can masu tsini sun daidaita da cikinsa, ga jan ido, ga Basiru na kallon inda bai kamata ba… zuciyar kuwa tana tafiya a hankali, tif… tif… kamar ta mai barcin rana.

Ba ta damu ba.

Innalillahi. Ashe abin da Maimunat ta gani ke nan. Ba jarumta ba ce ta fito da shi. Ya sauko, kada ya sauko, duk ɗaya ne a wajensa, kuma ya daɗe da zama ɗaya, shi ne bai tsaya ya ji ba sai yanzu. Wannan shirun da yake marmari… ba na tsakanin ƙaho ba ne. Wanda ba a dirowa daga shi ne.

Kalangu na ƙara matsawa. Guɗa. Wani na ihu, shiga mana, Nababa!

Ya ce musu me? Ku tsaya, ba na jin tsoro? Wa zai gane wannan a filin nan? Wanda zai gane yana kwance gabas da gari.

Ƙafa ɗaya a cikin fili, ɗaya a waje. Hannu na nan a ƙirji, ya ƙi sauka. Ya gaji, Allah ya sani ya gaji. Yana dai jira… ko sau ɗaya zuciyar ta yi tsalle, ko kaɗan, ta ce masa tana son komawa gida.