Teburin da Ya Sha Tawada

Bayla na cikin yanke ƙafar teburin ta biyu da zarto sai muryar Rabbi Getsel ta taso daga kan gado.

"A hankali, Bayla. Ni zan kwanta a ciki, ba mijinki ba."

"Mijina ya tafi a akwati irin na kowa, bai sa tsohuwa aikin kafinta ba," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Rabbi ya daɗe a ɗakin baya na gidanta da ke unguwar Doornfontein, tun da aka tuɓe shi daga limancin majami'ar Yahudawan unguwa. Daga Lituwaniya ya zo da jaka ɗaya da tari, tarin kuma ya fi jakar ƙarko. A kan wannan tebur yake rubuta jaridarsa ta Yidish, harshen Yahudawan ƙasarsu, a kansa yake jera haruffan dalma na buga jaridar, a kansa yake cin kifin gishiri da burodi. Katakon ya sha tawadar ɗab'i har ya koma kamar gindin tukunya. Da likita ya daina kawo magani ya koma kawo hira, sai Rabbi ya ce a farke teburin a yi masa akwatin gawa, yadda ake yi wa manyan malamai a can gida da teburin karatunsu.

Ana haka Faivel Lurye ya shigo dubiya da lemo a takarda. Shi ne shugaban majami'a, shi ne kuma babba cikin masu wankan gawa da ɗaukarta. Yana da gidajen abinci a bakin ramukan zinariya. Shekarun baya Rabbi ya buga a shafin farko cewa naman da Faivel ke sayar wa baƙaƙen ma'aikata, karen gidansa ma ya shinshina ya wuce. Abin da ya ci limancinsa ke nan. Jama'a suka ce ya tona asirin gida a gaban bare. Baren dai ba su iya karatun Yidish ba, amma su ke cin naman.

Faivel ya dubi katako, ya dubi zarto, ya gane. Ya ce al'adar ta teburin Attaura ce, wanda malami ya tsufa a kansa yana karatu, ba ta teburin gulma da tallan takalmi ba.

"Reb Faivel, Attaurar da na karanta a majami'a ku kuka yi barci a kanta," in ji Rabbi, yana haki. "Wadda na rubuta a nan ce kaɗai ta hana wani barci."

Faivel ya ajiye lemon. A bakin ƙofa ya gaya wa Bayla cewa in dole ne sai an yi, to kafinta ya kankare katakon ya yi fari tas, don ba za a kai mutum gaban Mahalicci cikin datti ba. Bayla ta ce ta ji. Ji kawai ta ce ta yi.

Da yamma ta tura katakon a baro zuwa shagon kafinta, ta tsaya a kansa har ya haɗa shi da turakun itace, babu ƙusa ko ɗaya. Da ya ɗauko abin kankara sai ta riƙe masa hannu. Ya tambaya ko a juya baƙin ta ciki. Ta ce shi mai teburin ya riga ya san abin da ya rubuta, na waje ne ke bukatar gani.

Ranar Juma'a da hantsi Rabbi Getsel ya cika, yana tsakiyar faɗan wani waƙafi da aka manta a jaridar makon jiya. Bayla ta rufe madubi da zane, ta buɗe taga, bisa al'adarsu in an yi mutuwa.

Masu wanka suka iso da nasu akwatin, fari sol. Suka tarar da ita zaune a kan baƙin, ta toshe ƙofar ɗakin, matan layi sun cika tsakar gida sun harɗe hannuwa. Faivel ya yi lallashi, ya jawo dokoki, ya ce mace ba ta da ta cewa a sha'anin gawar namiji.

"Gaskiya ne, Reb Faivel. Ni ba a kan gawa nake ba, a kan tebur nake. In kuna da lokaci, ni ma ina da shi."

Lokacin ne kuwa ba su da shi. Rana ta karkata, Asabar, ranar hutunsu da ba a binne gawa a cikinta, za ta shiga da faɗuwar rana, ba kuma a barin mamaci ya kwana a gida don gardama. Faivel ya dubi sama, ya dubi matan, ya ce a mayar da farin akwatin cikin motar da ta kawo shi.

Shi ya kama gaban akwatin a maƙabarta, domin wurinsa ne, ba ya bar wa kowa. Ana zafi, gumi na zuba. A gefen murfin ana ganin zoben da kofin shayin Rabbi ya bari.

A bakin fita kowa ya tsaya wanke hannu kamar yadda aka saba, a zuba ruwa, ba a gogewa. Bayla ta wanke nata ta koma gefe. Faivel ya zuba, ya sake zubawa. Ruwan na gangarewa ta kan tafinsa, baƙin tawadar akwatin yana nan, layin mutane a bayansa suna jiran kofin zuba ruwan.