Tarun Bakari

…kuma warin ba ya fita, shi ne abin. Sau uku ya wanke hannu tun safe, da sabulu, har da toka, amma da ya kai yatsa kusa da hanci sai ya ji shi: ƙarni, ruɓa, jiƙaƙƙen zaren da aka tara a ɗaki aka kulle. Habila yana tsugune a siton ofishin kifi, igiya a haƙori, yana ɗaura wa kowane taru 'yar takarda mai sunan mai shi da ƙauyensu. Aikinsa na yau ke nan. Mako guda da 'yan doka suka kwaso tarukan daga bakin Gongola, jiƙe sharkaf, ƙananan kifaye maƙale a idon raga, kuma ba wanda ya ce a shanya. Wa zai ce? Ƙudaje sun samu gari. Tsutsa har kan takalminsa…

Ofishin kifi. A Bauchi. Duk wanda ya ji sai ya yi dariya, shi ma ya yi tasa a farko.

Shekara huɗu ke nan da gwamnati ta ware tallafi don a san yawan kifin da ake kamawa a teku, a san yadda za a tattala shi. Teku fa — wanda sai ka hau mota zuwa Jos, ka kwana biyu cikin jirgin ƙasa, kafin ka gan shi. Amma aka ce a ba kowane lardi kasonsa, kada Arewa ta ce an ware ta. Kason Bauchi: mota guda, sikeli guda, akwatin fom, da shi. Shi Habila mutumin Bogoro, da ko iyo bai iya ba. Wata shida a Ikko wai ana koya masa aiki… kwalekwale sama, kwalekwale ƙasa, shi yana rungume da bokiti, malamin yana ɗaga wani kifi mai ido biyu a gefe guda yana faɗin sunansa. Me zai yi da sunan? Wa zai faɗa wa?

Fom ɗin ma na teku ne, ba a canza ko wasali ba. Ƙarfe nawa ruwa ya hau, ƙarfe nawa ya janye. Gishirin ruwan nawa ne. Mil nawa daga gaɓa. A Gongola! Kogin da in rani ya tsananta akuya kan tsallake shi ba ta jiƙa ciki ba.

Watan farko ya bar guraben nan fanko, ya rubuta gaskiya a ƙasan takarda da kyakkyawan hannu irin na makarantar mishan. Aka dawo masa da ita da jar tawada. Ba a cika ba. In ba a cika ba, babu kaso. Baturen kifi, wanda tuni hankalinsa ya riga shi komawa ƙasarsu, ya ɗaga kafaɗa ya ce a sa wani abu mana. To a kai shi kogi ya auna, in ji Habila. Malam Ladan, babban akawu a lokacin, wanda yau shi ne a kujerar Baturen, ya ce mota ba ta da lafiya. Ba ta da lafiya… ita da kullum tana hanyar Tirwun inda Malam Ladan yake gina gida, ta yi ƙasa da nauyin siminti da kwanon rufi, har ƙyauren gidan da ita aka kai —

Sau ɗaya. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa kogin nan.

Yashi fari, yana ƙona tafin ƙafa. Bakari ne ya sauke shi, tsohon masunci, baƙi wuluk, gajere, da babu haƙoran gaba. Yini guda yana magana, Habila yana rubutawa a ƙaramin littafi. Ga gurbin da tarwaɗa ke ƙwai, ba mai taɓa shi sai sarkin ruwa ya ba da izini. Ga wanda suke hutar da shi shekara guda bayan shekara guda, tun kakanni. Ga girman idon raga da ba a yarda a yi ƙasa da shi ba, yatsa biyu, ya nuna masa da yatsunsa masu kanta. Da la'asar suka ja taru, mutum goma sha, suna waƙa, ruwa ya yi ta tafasa da kifi, karfasa, ƙurungu, giwan ruwa guda da sai mutum biyu suka ɗaga. Matar Bakari ta yi masa romo, da barkono har hawaye. Ya sha kwano biyu. Kwano biyu, ba kunya.

Duk wannan babu gurbinsa a fom. Ko layi ɗaya.

Saboda haka ƙarshen kowane wata sai ya rufe ƙofa, ya tsoma alƙalami. Ruwan Gongola ya hau ƙarfe shida, ya janye sha biyu. Gishiri kaza. Kifi laba kaza. Da fari lamba ɗaya yake maimaitawa, Malam Ladan ya ce lambar da ba ta motsi warin ƙarya take yi, a riƙa motsa ta. Sai ya motsa. Ya rage kaɗan. Wata mai zuwa ya ƙara ragewa. Don me bai ƙara ba? Don me ragewa? Bai sani ba… ko ya sani. Gani yake ƙaramar lamba ƙaramar ƙarya ce, ta fi sauƙin ɗauka zuwa sujada ranar Lahadi. Dubi wauta. Dubi irin tsoron Allahn da ya yi — na awo, na sikeli.

Shekara uku yana rage kifi a kan tebur. Sai ga littafi daga Ikko, bugagge, mai bango shuɗi, da zanen wani layi yana gangarowa kamar hanyar dutse. Masana sun duba. Kifin Gongola yana ƙarewa. Masunta sun yi ɓarna, jahilci ne, ba su san tattali ba. A hana jan taru shekara uku, a ƙwace na hannu, a ninka tallafin lardin don aikin ceto. A shafin ƙarshe har an gode masa, da sunansa, an rubuta shi daidai. Malam Ladan ya dafa kafaɗarsa gaban kowa, hannun nan mai laushi mai ƙanshin turare, ya ce yaron kirki —

Ganga a waje. Ana gwajin fareti a fili, saura kwana uku a sauke tutar Ingila. Telolin kasuwar Wunti ba sa ɗaga kai, kore da fari, kore da fari, ko'ina ka duba. Kowa bakinsa mulkin kai. Za mu riƙe abinmu da kanmu. To ga shi nan mun fara riƙewa, ga shi a ɗakin nan, yana tsutsa.

Jiya ya faɗa. Ai ya faɗa, a rubuta masa wannan. Ya shiga ofis, ya cire hula, ya tsaya gaban teburin, ya ce ranka ya daɗe lambobin nan duka daga kaina na ciro su, kai ma ka sani, a mayar wa mutane tarunsu. Ya zaci za a yi tsawa. Ya shirya wa tsawa, ya shirya wa kora ma. Malam Ladan sai ya ci gaba da ɓare goronsa, ya tauna, ya dube shi da tausayi. Tausayi!

"Habila, abin da aka buga a Ikko ya fi ƙarfin bakinka, ya fi ƙarfin nawa. In ka ce ƙarya ne, kai kaɗai ka sa hannu."

Sannan ya turo masa sabon fom da ɗan yatsa, ya ce wannan karon a ɗaga lambar sama, a ga amfanin aiki.

A ɗaga… In ya ɗaga, hani ya yi amfani ke nan, sai a kai shi sauran koguna, a kwaso wasu tarukan, a nemi wani siton. In ya sauke, hani bai isa ba, a ƙara shekaru. In ya bar shi fanko, jar tawada, a kawo wani akawun mai yunwa ya cika. In ya rubuta wa Ikko da kansa? Wa zai buɗe wasiƙar ƙaramin ma'aikaci daga Bauchi a makon biki? In ma an buɗe — kotu, gidan yari, a karanta sunansa a majami'a. Matarsa Cecilia da cikin wata bakwai. Rabin zancen kawai ya faɗa mata, tana tsaye da muciya a hannu, ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Cewa ta yi, Baban Felicia, mu ina za mu? Ita ma ta koyi kawar da kai ke nan. Kowa ya koya. Gari guda an san abin da motar kifi take ɗauka, ana ɗaga mata hannu in ta wuce…

Hannunsa ya tsaya.

Wannan tarun ya san shi. Duwatsun yumɓu a gindin ragar, kowanne da zane uku, da jan ƙyalle a bakin igiya. Damina biyu Bakari ya yi yana saƙa shi, ya faɗa masa, shi da ƙanensa da ya rasu. Habila ya ja gefe guda don ya sami wurin ɗaura takarda, zaren ya biyo hannunsa. Ba ƙara, ba gardama. Ya rabu kamar dafaffen ganye. Ya sake ja, ya sake rabuwa. Ko yau aka ce a mayar, me za a mayar? Mako guda cikin ruwa da zafi a ɗaki kulle, kuma makullin a aljihun wa yake? A aljihun wa? Shanyawa kawai. Ba sai da izinin Ikko ba, ba sai da sa hannun kowa ba. Ya kwaso su ya baza a rana. Bai yi ba, don ba ya son ya gan su.

Kuma mai shi yana waje.

Tun da hantsi yake zaune gindin maɗaci, a ƙasa, sandarsa kan cinya. Yini biyu ya yi a hanya, rabi da ƙafa. Da ya hango Habila da safe fuskarsa ta washe, dasashi a waje, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Ya ce ya gaya wa mutanensu su kwantar da hankali, akwai wani malami a Bauchi da ya zo ya zauna da su, ya ci abincinsu, ya rubuta maganarsu duka a littafi. Ya ce ruwa na gab da janyewa, in suka rasa kamun bana gida goma sha bakwai ba su da abin kaiwa baki, samari har sun fara zancen tafiya haƙar kuza. Ya ce wani ne ya yi musu sharri wajen hukuma, ba su san ko wane ne ba, Allah ya sani.

"Amma kai, Malam, ka gani da idonka. Kai za ka gano mana shi."

Habila ya ce masa ya jira. Awa biyar ke nan yana jira.

An buga ƙarfe biyu, ana rufe tagogi. To. Zai fita ya faɗa masa. Kalma nawa ce? Ni ne, Baba. Ni ne, kuma tarunka ya ruɓe. Ya tofa masa yawu, ya ɗaga sandar, ya tara masa jama'a, duk ya fi wannan. Ya miƙe, gwiwa ta yi tsami, ya ja ƙofar, rana ta mare shi a ido. Taku ashirin ne zuwa maɗacin. Ni ne, Baba… ni ne… yana maimaitawa, yana jin ta a kan harshe, ga ta nan, ta nuna, sai fitowa —

Tsohon ya dafa sanda ya tashi, ya tuɓe takalmi, ya ɗan rusuna.

"Malam, an dace?"

"Ana kan dubawa, Baba. Ka dawo bayan biki."

Ko rawa muryar ba ta yi ba. Sumul ta fito, da sanyi, har da ɗan murmushin da ake haɗawa da ita. Yaushe ya iya wannan? Tun yaushe take zaune a bakinsa, tana jiran ranarta? Bakari yana ta godiya, yana sa albarka, Allah ya raya zuri'a, Allah ya ƙara girma, yana laluben takalminsa da ƙafa… shi kuma yana tsaye cikin rana, yana gyaɗa kai, yana cewa amin, amin.