Abin da Surajo Ya Daina Ji

Shamsiyya na ɗaura wa Muhsina takalmi ta ga ƙujewa a dunduniyar yarinyar, jinin har ya bushe.

"Me ya same ki nan?"

"Wayar keken Abba ce ta ci ni jiya. Na yi ta kiransa, bai ji ba."

Shamsiyya ta dubi ƙofar gida, inda mijinta Surajo ke bai wa taya iska. Kullum da safe shi ke goya Muhsina zuwa makaranta, sannan ya wuce shagonsa a Kiru. Sati biyu ke nan da ya sayo wasu fararen iyafis na sawa a kunne, marasa waya, ya ce suna kashe ƙugin iskar da ke hana shi jin karatu a hanya. Hanyar kuwa ta manyan motocin masara ce. Direbobinsu ba su san birki ba, ham suke dannawa daga nesa, mai keke ya gangara gefe.

Ta fito riƙe da yarinyar.

"Malam, dubi ƙafarta. Don Allah ka riƙa cire ko guda ɗaya."

Ya duba, ya shafa kan 'yarsa. "Ayya, sannu uwata. Ke kuma Shamsiyya, iska kawai suke tarewa. Mutum ina jinsa sarai."

Ya ɗora Muhsina a kariya, ya hau, ya cusa iyafis ɗin a kunnuwansa, ya tsaya yana latsa waya.

Shamsiyya ta matso bayansa. "Malam." Ta ɗaga murya. "Malam, Muhsina za ta faɗi."

Kansa na gyaɗawa a hankali, yana bin karatun.

Ta sa hannu biyu ta sauke yarinyar, ta rungume ta a ƙirji. Surajo ya taka feda ya hau kwalta, har yana cewa, "Riƙe ni da kyau, uwata."

Daga wajen Dangora wata babbar mota ta taso, buhuna har sama. Ta danna ham mai tsawo. Ta sake dannawa. Keken bai kauce ba. Shamsiyya ta juya fuskar Muhsina zuwa kafaɗarta.

Motar ta karkata, ta goge shi da iska, ta wuce. Keken ya yi tangal-tangal, ya miƙe, ya ci gaba.

"Umma, Abba ya manta da ni."

"Bai manta ba." Ta sunkuya ta goya ta, ta ja mayafi. "Daga yau da ƙafa za mu riƙa tafiya."