Baƙin Littafin Maame Konadu

Shekarata goma sha ɗaya ina haya a gidan Maame Konadu da ke Bantama, a Kumasi, kuma ban taɓa ganin mace mai kirki da sakin baki irinta ba. Tana da wani baƙin littafi. Duk wanda ya kama ɗaki sai ta rubuta sunansa da lambar wayarsa da garinsu, har da sunan kawunsa. Hujjarta ɗaya ce: "In kun mutu a gidana, ina zan kai gawa?"

Ni littafin bai dame ni ba, bakin ne. Baƙo in ya zo za a ba shi kujera da ruwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi, sannan mai gida ta mayar masa da labarin gida. To Maame in ta fara, sai ta bi ɗakunan nan takwas ɗaya bayan ɗaya, har mai fama da basir ba ta tsallakewa.

Ranar da ake bayani a rediyo cewa doka ta hana mai gida ba wani sunan ɗan haya ko lambarsa sai da yardarsa, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "'Yan majalisar ne za su zo su binne ku?"

Da damina Oforiwaa ta kama ɗaki na shida, da jaka ɗaya tal. Ni kaɗai ta gaya wa cewa marin mijinta ne ya kashe mata kunnen hagu, kuma gudowa ta yi daga Mampong. In ya gano inda take, ya rantse sai ya ƙarasa ɗayan. Ban gaya wa Maame ba, don na san halinta.

Wata Asabar da hantsi muna dakan fufu a tsakar gida, sai muka ji sallamar namiji daga ƙofa. Oforiwaa ta saki taɓarya, ta faɗa banɗaki ta ja ƙyaure.

Mutumin ya shigo yafe da baƙin zanen jana'iza, ga ladabi kamar me. Aka ba shi kujera da ruwa.

"Maame, jana'iza na zo garin nan. Matata kuma nake nema, an ce a unguwar nan take. An ce kina da littafi."

Saura labarin gida. Maame ta dubi taɓaryar da ke yashe a ƙasa, ta dubi ƙyauren banɗaki, ta gyara ɗankwali.

"Gida lafiya lau, ɗana."

Ya jira sauran. Ni ma na jira.

"To littafin fa, Maame?"

"Kai ba ka sauraron rediyo ne? Doka ta hana. So kake a ɗaure ni da tsufana?"

"Ai matata ce!"

"Ko uwarka ce. Shanye ruwanka, kar a binne gawar ba ka je ba."

Har bakin titi ta raka shi, ta tsaya sai da ya shiga mota. Da ta dawo ta ɗauko littafin, ta ƙwanƙwasa banɗaki a hankali.

"Fito, 'yata, ya tafi."

Oforiwaa ta fito. Maame ta buɗe shafin ɗaki na shida, ta yage shi, ta ninke ta damƙa mata. Wallahi a ranar na ji ina son tsohuwar nan har cikin raina.

Oforiwaa ta share hawaye tana ƙoƙarin murmushi. "Maame, to in na mutu fa? Ina za ki kai ni?"

Maame ta zagaya ta ɓangaren kunnen da ke ji, ta ce, "Garinmu mana. Kusa da inda za a binne ni akwai wuri."