Baba Gardama da Lauyarsa

"Wallahi ba haka ba ne, Baba! Ba mantuwa ta yi ba!"

Ina tsakar gida ina shanya na ji ihun ta kan katanga. Muryar dai na san ta, sai dai ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Auta ce, ɗalibata ta aji huɗu, yarinyar da sai ka kai kunne bakinta kafin ka ji "na'am" in ana kiran suna. Yau ita ce ke ɗaga wa tsoho murya har cikin gidansa? Na saki zanen cikin bokiti, na zari mayafi, ina cewa yau sai na ja kunnen yarinyar nan.

A baranda na same su. Baba yana kan kujerarsa ta katako, ya miƙe ƙafafu bisa benci, tabarau a goshi, ko da yake tun da idon ya tafi babu abin da tabarau ke tsinana masa. Auta na zaune a ƙasa da littafi a gwiwa, hancinta har zufa yake.

"Mantuwa ta yi," in ji Baba, hankalinsa kwance. "Yarinyar cikin labarin nan sakarya ce. An ce ta rufe garke, ta bar shi a buɗe, maraƙi ya gudu. Magana ta ƙare."

"Da gangan ta buɗe! Don ta ji za a sayar da shi!"

"Wa ya faɗa miki? A ina aka rubuta?"

Ta hau juya shafi kamar za ta yaga. Ta koma baya, ta wuce wurin, ta sake dawowa, sannan ta dasa yatsa. "Ta du-ba hagu, ta duba dama, san-nan ta za-re sa-ka-ta." Ta ɗago kai. "To Baba, wanda ya yi mantuwa yana duba hagu da dama?"

Baba ya taɓe baki. "Oho dai. Yau kin ci, Lauya. Gobe ma rana ce." Ya juyo inda nake. "Malama, ki daina huci a bakin ƙofa, tun daga gidanki nake jin takunki. Shigo ki zauna."

Baba maƙwabcinmu ne tun kafin a kawo ni unguwar. Ya yi koyarwa a firamare har gashinsa ya yi fari, sannan ya ajiye alli. Baba Gardama ake ce masa, kuma sunan bai zalunce shi ba. In ka ce yau ana zafi, sai ya ce ba ka san zafi ba. In ka yarda da shi, sai ya koma wancan ɓangaren. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo tana aikin asibiti a wani gari mai nisa. Uwar Auta ce ke masa wanki, Auta ke kawo kayan. Wata rana ya miƙa mata kwalin magani ya ce ta karanta masa, ta tsaya ƙiƙam. Daga nan ya ce kullum in an tashi makaranta ta biyo, wai yana neman mai karanta masa littafi.

Ni kuwa yarinyar nan ta tsaya min a rai. Shugabar makarantarmu ta riga ta ce ƙarshen zango za ta kira 'yan bencin baya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta, wanda ya kasa ya maimaita aji. Auta ta riga ta maimaita sau ɗaya. Uwarta ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Malama, kar ki ga laifina. In aka sake maimaita mata, cire ta zan yi ta zo ta kama min wanki. Ta fi kowa tsawo a ajin, yara dariya suke mata, kullum da kuka take dawowa."

Bayan Auta ta tafi ran nan, na ce, "Baba, don Allah wane asiri kake yi mata? Ni na yi lallashi, na yi faɗa, ko uffan ba ta ce min."

"Matsalarki ɗaya ce," in ji shi. "Kin cika sanin amsa. Yaro ya san ko ya yi shiru za ki faɗa, to me zai sa ya wahalar da kansa? Ki yi kuskure, ki kafe a kai, ki ga yadda za su taso miki."

Washegari na gwada. Muka karanta labari, na ce musu mai shagon da ke ciki ɗan'uwan direban ne, alhali ko kusa. Sai na ji aji gaba ɗaya, "E, Malama!" Har da masu rubutawa. Kai, ranar na ji kamar in nutse. Da na ba Baba labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙa masa ruwa.

"Ai ba irin wannan kuskuren ba," ya ce yana share hawaye. "Ina ruwan yaro da ɗan'uwan wani? Ki zalunci wani a cikin labarin. Ki ɗora wa marar laifi laifi."

Haka na yi. Na ce tsohuwar da ke labarin ce ta sace tsabar kajin, na kuma ɗaure fuska. Can wani ɗan gajere daga baya, wanda aikinsa kullum cin bayan biro, ya ce, "Haba Malama!" Na ce, "A ina aka rubuta ba ita ba ce?" Wayyo, sai ga littattafai ana buɗewa, ana ture juna, wannan na cewa shafi na gaba, wancan na cewa ƙarya ne na baya. Hayaniyar ta kai har Shugaba ta leƙo ta taga ta ga ko faɗa ake. Na daɗe ban ji daɗin aji irin na ranar ba.

Amma Auta ko motsi. Ina kallonta, ta sami layin tun kafin kowa, yatsarta na kai, bakin nan gum. A gaban Baba kawai take lauya. Ko a can ɗin ma, layi biyu ne iyakarta, sai ta tsaya ta huta kamar mai hawan dutse.

Ana haka jikin Baba ya fara. Da farko ya daina fitowa baranda, sai a ɗaki ake karatun. Daga baya abinci ya gagara, sai shayi. Likita ya zo ya duba, ya ja ni gefe ya ce a kira 'yarsa. Na kira ta, ta ce ga ta nan ta kamo hanya. Ranar da safe Baba ya juyo inda nake, cikin ruɗewar ciwo, ya tambaye ni ko na ba 'yan ajinsa alli, yaran da yanzu wasu sun yi jikoki. Na ce na ba su.

Da la'asar sai ga Auta da littafinta. Na tare ta a ƙofa na ce ta koma, yau Baba ba ya jin daɗi.

"Lauya ce?" muryarsa ta fito daga ciki, a shaƙe. "Ku bar ta ta shigo."

Ɗakin na warin man zafi. Na ɗage labule don ta ga rubutu, ta zauna a bakin gado. Sun kusa ƙarshen littafin, inda yarinyar ta ga ubanta ya shiga damuwa, ta fita neman maraƙin da kanta. Auta ta karanta layinta biyu ta tsaya.

"Ba ta dawo ba," in ji Baba, idonsa na kan rufi. "Ta tafi ta bar uban shi kaɗai. Yana zaune a bakin ƙofa, ba ta dawo ba."

Na san muryar Baba ta tsokana, ba ita ba ce wannan. Ga hawaye yana gangara masa ta gefen kunne. Ba yarinyar littafi yake nufi ba.

Auta ba ta kalle shi ba, idonta na kan shafi. Dariya ma ta yi. "Baba ka fara ko? Ta dawo mana! Jiya na leƙa gaba."

"Ba ta dawo ba."

"A ina aka rubuta ba ta dawo ba? Tsaya ka ji."

Na buɗe baki zan hana ta, sai kuma na rufe. Ta fara daga saman shafi. Ta karanta yadda yarinyar ta bi sawun maraƙin har bakin rafi, yadda ƙaya ta soke ta, yadda ta same shi ya maƙale a cikin kara. Ta ci karo da wata doguwar kalma, ta ja baya ta sake afka mata, ta wuce. Layi biyu suka zama biyar, biyar suka zama goma, ba ta ko tsaya haɗiye yawu ba, don ita dai so take ta kayar da shi. Ta juya shafi. Ta kai inda yarinyar ta shigo gida tana jan igiya, ta tarar da uban a kan benci. Sannan ta rufe littafin tana haki.

Baba ya juyo da kansa wajenta.

"Ta dawo kenan?"

"Ta dawo."

"Uban bai yi fushi ba?"

Ta ɗan yi tunani. "Ba a rubuta ba. Amma an ce ya matsa mata a kan bencin. Wanda yake fushi ai ba ya matsa maka."

Ya laluba ya dafa kanta. "To. Kin kayar da ni, Lauya. Wannan karon da gaske."

Ta fita tana tsalle, ba ta san me ta yi ba. Ni kuma na juya baya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Kafin rana ta faɗi mota ta tsaya a ƙofar gida. 'Yarsa ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, ta durƙusa ta ce, "Baba, ga ni." Ya riƙe hannunta ya ce ta rame. Ta ce ƙiba ma ta yi. Ya ce ramewa dai. Na bar su suna wannan musun na koma gida. Da safe ya nemi shayi, ya kurɓa sau biyu, ya ce sukari ya yi yawa. Bai ƙara wata magana ba, ya cika, hannunsa cikin nata. Allah ya jiƙan Baba. Na yi kuka, amma wallahi ban taɓa ganin wanda ya tafi cikin natsuwa irin tasa ba.

Auta ta yi kwanaki ba ta zo makaranta ba. Ranar gwajin sai da na je da kaina na kamo hannunta. Shugaba ta ba ta shafin da ba ta taɓa gani ba, labarin wani masunci da ya juyo da jirginsa gida bai ko jefa taru ba. Ta karanta a hankali, murya can ƙasa, amma ta kai ƙarshe.

"Madalla," in ji Shugaba. "To me ya sa ya juyo?"

Fanka na ta juyawa a sama. Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Shugaba ta sake tambaya, shirun dai. Na ga ta ɗauki biro, sai na ji bakina ya riga ni.

"Ranki ya daɗe, ai amsar a fili take. Rago ne. Mutumin banza ne da ba ya son aiki, ya bar iyalinsa da yunwa."

Shugaba ta zaro min ido. Auta kuwa kanta ya ɗago a hankali.

"Ba rago ba ne, Malama."

"Rago ne mana."

"An ce ya kalli sama, ya sake kallo." Ta dasa yatsa a kan layin. "Sannan ya kalli ɗansa ƙarami da ke cikin jirgin. Hadari ya gani. Da shi kaɗai ne da ya tsaya."

Shugaba ta dube ta, ta dube ni, ta duba shafin. Ta ce, "Je ki kira na gaba." Bayan yarinyar ta fita ta ce min, "Ke kuma Malama, nan gaba in ina gwaji ki tsaya a waje." Amma tana faɗa tana murmushi, kuma na ga inda ta sa alamar.

Da aka dawo hutu, wata safiya na bi ta gaban aji biyar zan je ɗebo alli. An kaɗa ƙararrawar tara, yara sun watse fili, sai ihu da ƙarar ƙwallo. Mutum ɗaya ce ta rage a ajin: Auta, littafi a buɗe a gabanta. Tana zaune a bakin taga, ta tallafe haɓa da hannu, burodinta na gefe ko kullin ledar ba ta kwance ba. Leɓɓanta ba sa motsi, idon kawai ke tafiya. Na tsaya a ƙofa, ba ta san da ni ba. Na jawo mata ƙofar a hankali saboda hayaniya, na wuce.