Kujerar Gaba

Tun daga gida Hajiya Batulu ta gaya masa ƙarama za su saya, amma Alhaji Badaruddeen mutum ne da idan ya ƙulla abu a ransa, sai ya yi ta amsa maka da "to" yana tafiya inda ya nufa. Suna shiga wurin sayar da motoci a Mararaba ya wuce ƙaramar da aka goge masa tana ƙyalli, ya doshi wata doguwa mai kujeru bakwai.

Andrew, dillalin da ke wurin, ya biyo shi da makullai a hannu.

"Oga Alhaji, wannan babba ne fa, yana shan mai sosai. Ku nawa ne a gida?"

"Mu da yawa ne," in ji Alhaji.

Hajiya ta kau da kai. Su biyu ne rak. Babban ɗansu Abdulmajeed yana aiki a Fatakwal, Ikilima tana gidan mijinta a Katsina, auta Ameer yana karatu a Masar. Sallah nawa ta zo ta wuce, sai dai a gaisa ta waya. Motar kuwa aikinta bai wuce kai shi shagonsa na atamfa a Karu, da kai ta asibiti awon jini ba. Sai dai shi Alhaji ya sa a ransa cewa idan yaran suka ji akwai wurin kowa, za su zo. Kewarsu ta hana shi sakat, kuma shi ba mai faɗa ba ne.

Ya zuge ƙofa ya shiga rabon kujeru, kamar mai rabon naman layya.

"Gaba ta yayansu ce," ya ce, don bai taɓa kama sunan ɗan fari ba. "Nan tsakiya Ikilima da yaranta. Auta yana son taga, ga tasa can. Matar yayansu ta zauna a bayan mijinta."

Andrew ya ce ƙa'idarsu ce mai saye ya ɗana mota kafin a yi magana. Ya shige gaba, Alhaji ya kama sitiyari, Hajiya ta shiga ta baya, suka hau titi.

Ba su kai Nyanya ba gosulo ya riƙe su. Masu acaɓa suna ta kutsawa ta gefe, shi kuwa ga doguwar mota ba damar motsi, gumi ya fara tsattsafo masa duk da sanyin da ke busowa. Amma bai yarda ya nuna ba.

"Hajiya, kin ji laushin tafiya ko?"

Ya sake kira.

"Hajiya?"

Ya ɗaga kai ya duba madubi. Layin tsakiya wayam. Sai can ƙurya, a layin ƙarshe, ya hango ta ta takure a jikin gilashi, jakarta a kan cinya, tana kallon masu tallar ruwa. Ta yi masa ƙanƙanta ƙwarai.

Ya ɗaga murya. "Me ya kai ki can?"

"Ai ita kaɗai ka bari, Alhaji," ta ce. "Sauran duk da masu su."

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Andrew ya tsunduma cikin latsa waya. Alhaji ya sake duban madubin: shi a nan, ita a can, tsakaninsu kujerun mutanen da ba su ma san an ba su ba. A gida ma haka suke, sai yanzu ya gani. Ɗakunan yara a share a kulle, shi a falo da waya a gefensa ko za ta yi ƙara, ita a kicin tana dafa abin da ya fi ƙarfin mutum biyu.

Hanya ta buɗe, na baya suka dame shi da hon. A mahaɗa ta farko ya juya.

Ƙaramar suka ɗauka. Da aka gama komai, Hajiya ta nufi ƙofar baya yadda ta saba, sai ya riga ta ya buɗe ta gaba ya tsaya. Ta dube shi, ta dubi Andrew, kunya ta kama ta kamar amarya, sannan ta shiga. Bel ɗin ma sai da ya ɗaura mata.

Sun kusa Karu wayarsa ta yi ƙara. Ameer ne, kiran bidiyo. Hajiya ta amsa, ta zagaya masa da wayar cikin motar yana ta sa albarka.

"Amma Baba, ba ta yi ƙanƙanta ba? Idan mun zo fa?"

Alhaji ya so ya tambaye shi yaushe. Tambayar ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta da ƙyar, idonsa a kan titi.

"Ta ishe mu, Auta," ya ce. "Ni da mamanka ne."